Me ya sa majalisar dokoki ce ke tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Filifin?

Sagir Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. A wani karatu da nake yi kan zaɓen Filifin na shekarar 2022, na tarar cewa ba hukumar zaɓen ƙasar ba ce ta ayyana Ferdinand Marcos ƙarami a matsayin wanda ya yi nasara. 'Yan majalisar dattawa da na wakilai ne suka taru a zaure guda, suka buɗe takardun sakamako, suka haɗa lissafi, sannan suka ɗaga hannunsa. Abin ya ɗaure mini kai, domin mu a Najeriya mun saba ganin shugaban hukumar INEC zaune a cibiyar tattara sakamako ta Abuja, turawan zaɓe na jihohi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karanta alƙaluma, shi kuma a ƙarshe ya sanar da wanda ya ci.

Abin da nake son sani shi ne, mene ne ainihin abin da 'yan majalisar suke ƙidayawa, tunda dai ba zai yiwu su zauna su ƙirga ƙuri'u fiye da miliyan 50 da hannu ba? Sannan kuma kowane ɗan majalisa yana da jam'iyya, yana da ɗan takarar da ya yi wa yaƙin neman zaɓe, to shin wannan ba bai wa kura ajiyar nama ba ne? Ina roƙon wanda ya san tsarin ya fahimtar da ni.

Malama Hadiza ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sagir. Tushen maganar yana cikin kundin tsarin mulkin Filifin na shekarar 1987, babi na bakwai, sashe na huɗu. Abin da ya tanada shi ne, kwamitin tattara sakamako na kowane lardi da kowane babban birni zai aika takardar shaidar sakamakonsa zuwa majalisa da sunan shugaban majalisar dattawa, shi kuma dole ne ya buɗe takardun a gaban majalisun biyu a zaman haɗin gwiwa na bainar jama'a, kafin a wuce kwana 30 daga ranar zaɓe. Idan majalisa ta tabbatar cewa takardun na gaskiya ne kuma an cika su yadda doka ta ce, sai ta haɗa alƙaluman, wanda ya fi kowa yawan ƙuri'u ta ayyana shi. Babu zagaye na biyu, kuma babu sharaɗin samun kashi 25 cikin ɗari a wasu yankuna irin namu.

Saboda haka ba ƙuri'u suke ƙirgawa ba, takardu suke dubawa. Ana ƙirga ƙuri'a a rumfar zaɓe, kuma tun daga shekarar 2010 na'ura ce ke yin wannan aiki. Sakamakon rumfuna yana tafiya gari, na garuruwa ya tafi lardi, kuma takardar lardin ce take isa majalisa, tare da takardun ofisoshin jakadanci inda 'yan ƙasar mazauna waje suka jefa ƙuri'a. Ana fara kai akwatunan takardun majalisar dattawa, daga nan a ɗauke su cikin tsaro zuwa ginin Batasang Pambansa da ke birnin Quezon, inda majalisar wakilai take zama. Ba dukan 'yan majalisar ne ke yin aikin ba. Ana kafa kwamitin haɗin gwiwa, shi ne zai riƙa buɗe akwati, ya gwada takardar da aka kawo da hannu da wadda na'ura ta aiko, lauyoyin 'yan takara suna zaune suna kallo, kuma suna da damar faɗin abin da suka gani. Idan kwamitin ya gama sai ya kai rahoto zauren, a amince da shi, a ayyana wanda ya ci.

Hukumar zaɓensu, wato COMELEC, ita ce ke shirya zaɓen baki ɗaya, kuma ita ce ke ayyana sanatoci. Kujeru biyu kawai aka cire daga hannunta, na shugaban ƙasa da na mataimakinsa, waɗanda a can ake zaɓensu daban-daban. A 2022 an yi zaɓe ranar 9 ga Mayu, aka fara buɗe takardu ranar 24, aka ayyana Marcos da mataimakiyarsa Sara Duterte ranar 25, domin tazarar ba ta bar wurin jayayya ba: Marcos ya samu ƙuri'u kimanin miliyan 31.6, Leni Robredo kuma kimanin miliyan 15.

Game da tsoronka na son kai, kariyar da tsarin ya tanada ita ce an taƙaita wa majalisa aiki. Ba ita ce ke sauraron ƙorafin maguɗi ba. Wannan hurumin Kotun Ƙoli ne, wadda dukan alƙalanta ke zama a matsayin kotun zaɓen shugaban ƙasa. Misali, a 2016 majalisa ta ayyana Robredo a matsayin mataimakiyar shugaban ƙasa bayan ta rinjayi Marcos da ƙuri'u 263,473 kacal, shi kuma ya garzaya kotun, wadda ta yi watsi da ƙararsa a watan Fabrairun 2021.

Alhaji Bala Maraɗi ya amsa:

Malama ta yi bayanin doka yadda take a rubuce, Allah Ya saka mata da alheri. Amma ni ina ganin tambayar Malam Sagir ta biyu tana da nauyin da bai kamata a wuce ta da sauri ba, domin tarihin Filifin ɗin kansa ya amsa ta har sau biyu, kuma amsar ba mai daɗi ba ce.

A watan Fabrairun 1986 Marcos babba, mahaifin wannan na yanzu, ya kara da Corazon Aquino a zaɓen gaggawa da ya kira. An jefa ƙuri'a ranar 7 ga wata. Bayan kwana biyu, ma'aikatan kwamfuta na hukumar zaɓe suka tashi suka fice daga zauren tattara sakamako, suna cewa alƙaluman da ake liƙawa a allo ba su ne suke gani a na'urorinsu ba. Ƙungiyar sa ido ta NAMFREL tana nuna Aquino a gaba. Duk da haka ranar 15 ga wata majalisar ƙasar, wadda jam'iyyar Marcos ta mamaye, ta ayyana shi a matsayin wanda ya ci, 'yan adawa suka fice daga zauren. Kwana goma bayan haka jama'a sun cika titunan Manila, sojoji sun juya baya, Marcos ya bar ƙasar zuwa Hawai. Hatimin majalisa bai ƙara wa wancan sakamako gaskiyar ƙwayar zarra ba.

Wani zai ce ai wancan zamanin kama-karya ne. To mu dubi 2004, lokacin da kundin 1987 ya riga ya kafu. Gloria Arroyo tana kan mulki, ta kara da Fernando Poe ƙarami, fitaccen ɗan wasan fim da talakawa ke matuƙar so. An yi zaɓe ranar 10 ga Mayu, amma sai da asubahin 24 ga Yuni aka ayyana Arroyo, saura kwana shida a rantsar da shugaba. Kwamitin mutum 22 ne ya yi aikin, goma sha ɗaya daga kowace majalisa, kuma magoya bayan gwamnati ne ke da rinjaye. 'Yan adawa sun yi ta roƙon a buɗe sakamakon rumfuna domin a gwada shi da takardun wasu larduna da suke zargi. Dokar zaɓe ta 1991 ta ba da wannan dama idan an ga goge-goge ko sauyi a jikin takarda wanda zai iya shafar sakamako, amma masu rinjaye ne ke yanke hukuncin ko an kai wannan matsayi. Amsar da Sanata Francis Pangilinan, ɗaya daga shugabannin kwamitin, ya riƙa bayarwa ita ce kalmar Turanci "noted", wato an ji ƙorafin an kuma rubuta shi, sai a wuce takarda ta gaba, har kalmar ta zama laƙabinsa a bakin jama'a.

An ce wa Poe ya tafi kotu, ya kuma tafi. Tazarar kimanin ƙuri'u miliyan 1.1 ce. Ya rasu a watan Disamba na wannan shekara kafin a kai ko'ina, kotun ta rufe shari'ar. A shekarar da ta biyo baya aka fitar da faifan wata hira ta waya, Arroyo ta fito a talabijin ta nemi afuwa kan cewa ta kira wani kwamishinan zaɓe ana tsakiyar ƙidaya, ko da yake ta musanta yin maguɗi. Wannan lamari yana ci mini rai har yau, domin majalisa ta ce bincike ba aikinta ba ne, kotu kuma ba ta kai ga yin sa ba, masu ƙuri'a suka tashi ba su san gaskiyar abin da suka zaɓa ba.

Barista Nafi'u ya amsa:

Ina so in ƙara da cewa Filifin ta gaji wannan al'ada ce daga Amurka, wadda ta mulke ta har zuwa 1946, sai dai akwai bambanci. A Amurka ƙuri'un wakilan zaɓe 538, waɗanda ke zaɓen shugaban ƙasa a madadin jihohinsu, majalisa ke ƙirgawa ranar 6 ga Janairu, ba na jama'a kai tsaye ba, kuma mataimakin shugaban ƙasa ne ke jagorantar zaman saboda shi ne shugaban majalisar dattawa. Sabuwar majalisar da aka rantsar ranar 3 ga wata ce ke yin aikin, alhali a Filifin majalisa mai barin gado ce.

Damuwar Alhaji Bala ta samu Amurkawa tun 1876, lokacin da jihohin Florida da Louisiana da South Carolina suka aiko da takardu masu karo da juna, ga kuma taƙaddama kan wakili ɗaya daga Oregon. Tsarin mulki ya ce a buɗe takardu a ƙirga, bai faɗi wanda zai zaɓi ta gaskiya idan suka zo biyu ba. Aka kafa kwamitin mutum 15, biyar daga dattawa, biyar daga wakilai, biyar daga Kotun Ƙoli, suka riƙa yanke hukunci takwas da bakwai bisa layin jam'iyya, Rutherford Hayes ya rinjayi Samuel Tilden da 185 da 184. Wannan ne ya haifar da dokar ƙidaya ta 1887.

Sai dai a ganina, hatsarin yana da fuska biyu. Alhaji ya nuna mana majalisar da ta ƙi duba takarda mai shakku. Abin da ya faru ranar 6 ga Janairun 2021 kishiyarsa ne, wato yunƙurin sa majalisa ta yi watsi da takardun da jihohi suka tabbatar, kotuna kuma suka ƙi sokewa. An matsa wa mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mike Pence, lamba ya ƙi karɓar wasu, ya ce ba shi da wannan iko, magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisar, ba a kammala tabbatar da nasarar Joe Biden da 306 da 232 ba sai wajen asubahin washegari. A lokacin sanata ɗaya da ɗan majalisar wakilai ɗaya sun isa su tsayar da ƙidaya. Gyaran da aka yi a Disambar 2022 ya ɗaga wannan zuwa kashi ɗaya cikin biyar na kowace majalisa, ya kuma fayyace cewa aikin mataimakin shugaban ƙasa buɗe takarda ne da sanarwa kawai. Ka ga su da suka ɗanɗana, rage wa majalisa iko suka yi, ba ƙara mata ba. Idan aka ba masu rinjaye damar buɗe duk takardar da suka ga dama, ranar da ɗan takararsu ya faɗi da wannan damar za su kifar da zaɓen.

Sagir Zariya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Yanzu na fahimci cewa Alhaji da Barista ba su saɓa a kan matsalar ba, a kan maganinta suka rabu. To Malama, idan aka kawo shawarar a miƙa wa Majalisar Tarayya wannan aiki a Najeriya, za ki goyi baya?

Malama Hadiza ta sake amsawa:

Ba zan goyi baya ba, Malam Sagir, kuma dalilina na farko shi ne rana ɗaya muke zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisa, kamar yadda aka yi ranar 25 ga Fabrairun 2023, don haka masu duba takardar su ma rumfunan nan ne suka kawo su ko suka kayar da su. Na biyu, lissafinmu ba haɗa jimla ba ne kawai. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkinmu ya buƙaci kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja, kuma fassarar wannan sharaɗi ta kai mu Kotun Ƙoli a 1979 kan kashi biyu cikin uku na jihohi 19, ta sake kai mu a 2023 kan matsayin Abuja. Ba na son a yanke irin wannan tambaya da ɗaga hannun masu rinjaye.

Abin da na ɗauka daga labarin Alhaji Bala shi ne matsalar lokaci, kuma wannan ta shafe mu kai tsaye. Poe ya rasu ƙararsa tana jira, ƙarar Marcos ta 2016 ta ɗauki kusan shekara biyar a wa'adin shekara shida. Mu ma an rantsar da shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayun 2023, Kotun Ƙoli ba ta yanke hukunci ba sai 26 ga Oktoba. Idan za a ce wa mai tattara sakamako, majalisa ce ko hukuma, ya tsaya ga takardar da ke gabansa kada ya zama alƙali, to wajibi ne a tsara jadawalin yadda kotu za ta gama aikinta kafin rantsuwa, a kuma wallafa sakamakon kowace rumfa inda kowa zai iya gwada shi da takardar jiha tun ana cikin tattarawa. Wannan gyara nake so a kai gaban Majalisar Tarayya.