Sakatar bindigata ta fara tauri tun shigowar zafi, ina matsalar take?

Ɗan Funtuwa a Texas:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar haɗa harsashi da hannu. Shekarata biyu ina zuwa filin harbi na kulob ɗinmu a bayan garin Houston, bindigata Tikka T3x ce mai cin harsashin 6.5 Creedmoor. Da can harsashin kanti nake saya. Bara na sayi injin matsi na RCBS Rock Chucker na kafa shi a gareji, don tsadar harsashin gasa ta ishe ni, kuma burina in riƙa samun farantin ƙarfen da ke yadi 600 a kowane harbi, ba sai an yi sa'a ba.

A watan Janairu na yi gwaji da albarushin H4350 da ƙwayar Hornady ELD Match mai nauyin giren 140 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna ƙwaya da albarushi da shi). Na faro daga ƙasa yadda littafin awo ya ce, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, har na kai inda harbi uku suka kusa shiga rami ɗaya a yadi 100. Ban wuce iyakar littafin ba, amma na matso kusa da ita ƙwarai. Takardar nan har yau tana liƙe a bangon garejina.

Asabar ɗin da ta wuce zafi ya kai digiri 38. A harbi na huɗu sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a cikin bindiga, ta ƙi ɗaguwa, sai da na buge ta da tafin hannu. Da na juya kwanson harsashin sai ga wani ɗan tabo mai sheƙi a gindinsa, a kan rubutun, firaimar kuma, wato ɗan ƙoƙon gindin kwanso da ke kunna albarushi, ta baje ta cika raminta, gefenta ya daina zagaye. Na'urar Garmin mai auna gudun ƙwaya ta nuna gudun ƙafa 2,790 a daƙiƙa, alhali a Janairu 2,710 nake samu. Nan take na tattara kayana. Akwai saura 140 a akwati. Ni dai an ce mini H4350 bai damu da zafi ba. To me ya faru?

Baba Mai Sikeli:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya tsare, kuma ka kyauta da ka tsaya. Kada ka ƙara harba ko ɗaya daga cikin 140 ɗin nan, ko da sanyin asuba ne.

Tabon da ka gani tagullar gindin kwanso ce ta yi laushi saboda matsi, ta kutsa cikin ramin ɗan ƙarfen da ke turo kwanso waje, sai sakata ta shafe ta lokacin da ka juya. Ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta tsayar da iyakar matsin 6.5 Creedmoor a fam 62,000 kan kowane inci murabba'i, kuma tagulla ba ta fara nuna wannan alama sai an riga an haura iyakar. Shekara ashirin ina wannan aiki a Ohayo, na taɓa ganin wanda ya raina tabon nan, firaima ta fashe, iskar ta feso masa a fuska. Tabarau ne ya ceci idonsa.

Gaskiya ne H4350, wanda ake yi a Ostireliya, yana cikin albarusan da zafi bai cika juya su ba. Amma ba a ce bai juya su sam ba. Idan akwatin ya sha rana a kan benci, ko ka bar harsashi cikin bindiga mai zafi kana jiran iska ta kwanta, gudu zai ƙaru. Sai dai ƙafa 80 ta yi wa zafi kaɗai yawa. Ka auna tsawon kwansunanka, kada su wuce inci 1.920, ka leƙa maƙogwaron bututun ko baƙin toka ya yi zobe. Sannan ka faɗa mini tsakaninka da Allah, daga Janairu zuwa yau me ka sauya?

Ɗan Funtuwa a Texas:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Tsawon kwanso lafiya lau, na auna guda ashirin. Amma tambayarka ta sa na zauna na yi lissafi. A Janairu tsofaffin kwansunan Hornady na yi amfani da su, waɗanda na tara daga harsashin kanti. A watan Mayu na sayi sababbi na Lapua guda 200, kuma da yake nasu ƙaramin rami ne da su, dole na sayi ƙananan firaima. Gwangwanin albarushina ma ya ƙare na buɗe sabo. Awon ne kawai ban taɓa ba, na ɗauka tunda suna ɗaya ne, komai ɗaya ne.

Baba Mai Sikeli:

To ga amsarka nan ɗana. Abu uku ka sauya lokaci guda, rana ta zo ta zama ta huɗu, kai kuma dama kana bakin iyaka.

Kwanson kowane kamfani da kaurin bangonsa. A waje girmansu ɗaya, a ciki ba ɗaya ba, kuma albarushi iri ɗaya a ƙuntataccen ɗaki matsinsa ya fi. Ka gani da idonka: ɗauki kwanson da aka harba na kowane iri, ɗora a sikeli, cika shi da ruwa da sirinji har baki, ka sake aunawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a kan Lapua tabon ya fito. Gindinsa mai ƙaramin rami yana da ƙarfi, yana ɓoye matsi, to in har shi ya nuna, ba kaɗan ka haura ba. Duba kuma lambar rukuni a jikin gwangwanin, don ƙonuwar wannan rukuni takan ɗan bambanta da ta wancan.

Ka sayi abin zare ƙwaya mai kamawa a injin matsi, ka warware su duka. Yini ɗaya zai ci maka. Ka koma awon farawa na littafi, ka hau a hankali, kuma yanzu cikin zafin nan za ka yi, don abin da ya zauna lafiya a Yuli ba zai ba ka tsoro a Janairu ba.

Injiniya a Kalgari:

Duk abin da Baba ya faɗa haka yake. Ni takardar bangon garejin ce damuwata, Malam. Harbi uku ba shaida ba ne. Ko harsashin da bai da kirki, in ka yi ta harba shi uku-uku, wata rana ukun za su taru. Na ɓata kusan shekara ina bin irin wannan taruwa, har na sayi sikelin A&D FX-120i mai gane giren 0.02, kusan nauyin tsinken albarushi ɗaya ke nan. Da na fara harba ashirin-ashirin a kowane awo sai na ga na ƙasa da na sama kusan faɗi ɗaya suke bayarwa. Saboda haka kada ka ji ka yi asara in ka sauka. Farantin yadi 600 karatun iska yake so da gudu mai daidaito, ƙarin ƙafa hamsin ba zai ƙara maka komai ba sai cin maƙogwaron bututu. Mu nan Kanada sanyi ne matsalarmu, ina rubuta yanayin kowace rana a littafina tare da gudun.

Ɗan Funtuwa a Texas:

Na gode Injiniya, na gode Baba. Jiya bayan isha'i na yi gwajin ruwan da kwanso biyar-biyar, na Lapua duka sun ɗauki ƙasa da na Hornady. Lambar gwangwanin ma daban ce. Na warware 60, saura 80. Wanda ya yi tabon na matse bakinsa da filaya na jefa cikin bokitin tagulla. Asabar in Allah ya kai mu zan tafi da goma-goma daga awon farawa, akwatin kuma a inuwa zai zauna. Baba, firaimomin da ke cikin kwansunan da na warware, in bar su a ciki ko in cire?