Neman shawara: takarda ta ce ba sa kallo, idona ya ga suna kallo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Kassala ce, a nan Sudan. Kakan babana ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar hajji, ya yada zango a nan, a nan kuma ƙasa ta rufe masa ido. Ina majistir, wato digiri na biyu, a fannin yaɗa labarai. A Khartum nake har yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, na dawo gida, yanzu ta waya muke magana da mushrif ɗina, malamin da ke duba aikina.

Bahasina a kan yadda Hausawan Sudan ke riƙe harshe da zumunci ta hanyar waya da dish ne: finafinan Kano, wa'azi a YouTube, labaran BBC Hausa, saƙon murya na WhatsApp. Mushrif ya ce in yi istibyan, wato takardar tambayoyi, da Larabci, in ɗora aikin a kan ra'ayin mamayar al'adu, wato kafafen waje na cinye al'adar gida. Na buga 60, na raba a unguwa da kasuwa. Wallahi ranar da na zauna lissafi sai da na yi hawaye. Kusan kowa ya zaɓi "Larabci muke yi a gida" da "ba na kallon fim ɗin Hausa". Har da gwaggona. Matar da kullum bayan isha'i tana kishingiɗe a kan angareb, gadon igiya, a tsakar gida, waya jingine da gwangwanin madara, jikoki kewaye da ita, tana yi wa kishiyar cikin fim faɗa kamar tana jin ta. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Ke 'yar nan, takarda ai ta hukuma ce."

Yanzu me zan rubuta, abin da takarda ta ce ko abin da na gani? Ko in sauya maudu'i tun da sauran lokaci?

Tsohon malami, Gadarif:
Wa alaikumus salam 'yata. Gwaggonki ba ƙarya ta yi ba, kare kanta ta yi, kuma tana da hujja. Ku yaran yanzu ba ku san wuyar da iyayenmu suka sha a kan jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na zaune a Sudan tun kafin 1898. To mutanen da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 fa? Su ne suka kafa gari a bakin Nilu kusa da Sinnar, 'yan'uwansu suka yi noman auduga a Jazira da guminsu, amma a ofis ana tambayarsu daga ina suka zo. An sassauta dokar daga baya, tsoron ne bai bar zukata ba. Sai ga rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a jihar Nilul Azrak a watan Yulin 2022, wanda ke kanki kin ga yadda ya girgiza Kassala. Bayan duk wannan ki miƙa wa tsohuwa takarda da Larabci, da tambarin jami'a a sama, ki ce wane harshe take yi a gida? Ko ni ne abin da zan cika ke nan. Kada ki sauya maudu'i. Ajiye takardar, ki ɗauki tabarma.

Ɗan Damazin:
Baba na Gadarif, a gafarce ni, ina da ja kaɗan. Ba duk wanda ya ce Larabci yake yi a gida ba ne ya ɓoye wani abu. Ƙannena uku suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. TikTok ɗinsu na Larabci ne, fim ɗinsu na Turkiyya ne da aka juya zuwa Larabcin Sham. Ni kaina in ana fim ɗin Kano akwai inda nake ɓacewa saboda Turancin da suke cusawa, su kuma in sun ji Hausarmu dariya suke yi. Yaya, ki raba takardun nan gida biyu, na manya da na 'yan ƙasa da ashirin. Ina jin na yaran gaskiya suka faɗa miki.

Malama a jami'a, yanzu a Burtsudan:
Ƙanwata, ki share hawaye, abin da ya sa ki kuka shi ne bahasin. Tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya cika a takarda da abin da yake yi a tsakar gidansa ita ce babi mafi nauyi a aikinki. Kada ki zubar da istibyan ɗin nan, ki kawo sakamakonsa yadda yake, sannan ki bi shi da zama da hira.

Maganar mamayar al'adu kuwa, ina girmama mushrif ɗinki, amma rigar ba ta yi wa wannan aikin daidai ba. Masu wannan ra'ayi irin su Herbert Schiller a shekarun 1970 Amurka suke hange, yadda finafinanta da tallace-tallacenta ke malala zuwa ƙasashe matalauta. Ke kuma abin da ke shigowa gidan gwaggonki daga waje harshen kakanninta ne. Wa ya mamaye wa? Wanda ya fi kusa da ke shi ne Brian Larkin, da ya zauna a Kano ya duba yadda Hausawa suka rungumi finafinan Indiya ba tare da sun bi ta Turai ba, da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana rubutu a kan yadda waƙa da fim ke ƙetare iyakoki su zama na Hausa. A gida kuma dole ki karanta Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, littafinsa na 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke jingina da Larabci. Akwai kuma Bawa Yamba, wanda a 1995 ya fitar da aikinsa a kan Hausawan da suka yi zamani bayan zamani a Sudan suna kiran kansu alhazai a kan hanya. Yawancin waɗannan kafin waya ta shiga hannun kowa aka yi su. Gurbin da suka bari naki ne.

In za ki yi wa mushrif magana kada ki ce masa ra'ayinsa bai yi ba. Ki tura masa sakamakon, ki ba shi labarin gwaggo kamar yadda kika ba mu, ki nemi izinin ƙara hira.

Hajiya, Shara Mansur, Makka:
'Yata, ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta min wannan. Ki lura da abu guda. Mu da muka tashi a Sudan da nan Makka, haruffan Larabci muka sani. 'Yan'uwanmu na Kano in sun rubuto ba ma iya karantawa, mu ma in mun rubuta ba sa ganewa. Shi ya sa komai da murya muke yi: gaisuwar mutuwa, sanarwar suna, har neman aure. Lokacin da aka yanke sadarwa a Sudan a watan Fabrairun 2024, kwana da kwanaki ban ji muryar ƙanwata ba, abinci ma bai shiga ba. Ki sa wannan a littafinki, ya fi fim muhimmanci. Amma don Allah kada ki naɗi muryar kowa sai ya yarda, kada ki rubuta sunan mutum ko unguwarsa. Lokacin yaƙi ne, waya na iya faɗawa hannun da ba ki so.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Damazin, na raba takardun kamar yadda ka ce, kuma lallai na yara da na manya ba hanya ɗaya suka bi ba. Hajiya, ni ma rubutun boko a Facebook na koya, amma ban taɓa kawo shi cikin bahasin ba sai da kika faɗa. Jiya na zauna wurin gwaggo ba takarda ba biro, na dafa mata jabana, gahawarmu ta Sudan. Ta kunna min saƙon muryar wata 'yar ɗakinsu da ke Maraɗi, wadda ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, minti tara cur tana ba ta labarin bikin jikarta. Ta ce in rubuta, amma in kira ta "wata tsohuwa".

Malama, saura tambaya ɗaya: in zan kawo maganarta a bahasin, da ajami zan rubuta ko da boko?

Malama a jami'a:
Da haruffan Larabci, yadda ta furta, ba gyara, fassarar a ƙasa. In ta ce "mushkila" kada ki mayar da ita "matsala".