Gwiwata ta sake kumbura, koci ya ce in yi allura in buga

Lamba Shida:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, kaina ya kulle. Shekarata 25, tsakiya nake bugawa, kuma tun ina yaro ni ba mai yanka ba ne, abin da ya sa ake ɗaukata shi ne ba na tsoron sa ƙafa, ko ƙwallo ta wuce ko mutum ya wuce amma ba duka biyun ba, kocina na farko ne ya ɗora ni a kan haka, kullum cewa yake in wandonka bai yi datti ba to ba ka buga ba, kuma har yau da maganar nan nake shiga fili. An min tiyatar ACL, wato jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki, a gwiwar dama, na dawo, to yanzu duk wasan da na buga sai ta kumbura, da safe sai na dafa bango nake sauka daga bene. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen kaka. Koci ya ce in yi allura in ƙarasa wasannin. Ya zan yi?

Tsohon Gola:
Allah ya ba da lafiya. Wata nawa ka yi kafin ka dawo? An sake maka MRI, wato hoton cikin gwiwar? Ba ka faɗa ba.

Baban Tamaula:
Ƙanena saurare ni da kyau. Allura ba ta gyara komai, zafin kawai take kashewa, kai kana gudu gwiwa tana ci gaba da cinyewa ba ka sani ba. Kumburi bayan wasa yawanci guringuntsi ne ke kuka, shi kuma ba ya samun jini, in ya goge ya goge kenan. Van Basten Ballon d'Or uku ya ci, amma wasansa na ƙarshe 1993 ne yana da shekara 28, idon sawu ya gama da shi. Ledley King na Tottenham saboda gwiwa ko atisaye ba ya iya yi da sauran 'yan wasa, sai dai ranar wasa ya fito, 2012 ya jingine takalmi yana 31. Wilshere da ke shiga kowace arangama irin taka, yana 30 ya ajiye. Kar ka yi allurar nan, magana ta ƙare.

Ɗan Gefe:
Baba ka manta Ronaldo na Brazil? Sau biyu gwiwarsa ta tashi a Inter, ya dawo ya ci ƙwallo 8 a kofin duniya na 2002. Komai nufin Allah ne.

Baban Tamaula:
Ai hujjata ka kawo min. Da ya dawo a Afrilun 2000 minti nawa ya yi a fili da Lazio jijiyar ta tsinke gaba ɗaya? Sai da ya shafe sama da shekara yana jinya, kuma da ya dawo ya rage wancan gudun na hauka, ya koma jira a bakin raga. Salo ya canza.

Mai Jiran Haƙƙi:
Ku bar zancen Turai. Ni da na karye a wasa ko waya kulob ɗin bai min ba, albashina da suka riƙe har yau, shugaban in ya ga kirana sai ya kashe. Wallahi ɗan uwa ka buga ka samu sabon kwantiragi tukuna, wanda ke zaune a benci ba mai tunawa da shi.

Lamba Shida:
Na gode. Wata shida na yi na dawo, amma ba gaggawa na yi ba, likitan kulob ne ya ce ba matsala. Kuma Baba maganar canza salo, ni ba gwanin raba fasin ba ne irin Pirlo, ranar da na daina sharar ƙafa ranar zan rasa riga, akwai yaro ɗan 19 yana jiran wurina.

Baban Tamaula:
Wata shida! Galibin likitocin wasanni wata tara suke cewa ko fiye, sai cinyar ta dawo da ƙarfinta daidai da ɗayar. Likitan kulob kuma wa ke biyansa? Je ka ga wani na waje. Sannan lamba shida na gaske, wato ɗan tsakiya mai taimakon 'yan baya, karanta wasa yake yi ya tare fasin kafin ya iso, yawan zubewa ƙasa alama ce ta ka makara.

Lamba Shida:
Da girmanka Baba amma ba ka taɓa ganin wasana ba. Ba makara nake ba, aikin da aka sa ni kenan.

Mai Jiran Haƙƙi:
Haka ni ma na ce musu, da na karye cewa suka yi ni na jawo wa kaina.

Tsohon Gola:
Har yanzu dai ba ka ce komai kan MRI ba.

Lamba Shida:
Zan yi in an samu hutu. Asabar muna da wasa, bari in ga yadda za ta kwana.