Me ke jinkirta fara aikin sababbin jiragen ƙasa marasa direba?

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana harkar jiragen ƙasa na cikin birni ce. A shekarar 2019 hukumar sufurin Landan ta ba kamfanin CAF na ƙasar Sifen kwangilar ƙera jirage 43 domin layin DLR, wani layin jirgin ƙasa na cikin birnin, daga baya adadin ya koma 54, amma sai da aka shafe shekaru fasinja bai sa ƙafa cikin ko ɗaya ba. Tunda layin yana aiki ba direba tun da aka buɗe shi a 1987, ashe ba ɗora sabon jirgi kan dogo kawai za a yi ba? Ina lokacin yake tafiya?

Tsohon Ma'aikacin Sigina:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙera jirgin shi ne mai sauƙi. Jirgin da ba direba ba ya tafiya da ganin ido, kwamfutar da ke kula da layin ce take gaya masa inda yake, gudun da aka yarje masa, da nisan da ke tsakaninsa da na gabansa. Ita kuwa wannan kwamfuta an tsara ta ne bisa halin tsofaffin jirage: nauyinsu, tsawonsu, da nisan da suke ci kafin su tsaya idan an kama birki. Da zarar an kawo jirgin da ya fi su tsawo, ko birkinsa ya bambanta, dole a sake lissafin duka, a kuma gamsar da hukumar kiyaye haɗari cewa lissafin daidai ne.

Gwajin ma ba a yinsa da rana, domin layin na cike da fasinjoji. Na yi irin wannan aiki a wani layi. Jirgin ƙarshe na shiga ma'ajiya bayan tsakar dare, mu fito da sabon, mu loda masa buhunan yashi a madadin nauyin mutane, mu jiƙa dogo da ruwa, sannan a sa shi ya tsaya a tasha guda sau da yawa, muna tsugune da ma'auni muna duba ko ƙofarsa ta yi daidai da alamar da ke dandamali. Kafin asuba dole a bar hanya. Idan ya zarce alamar sau ɗaya, a mayar wa masu manhaja, su gyara, a sake daga farko.

Mai Lura da Kwangila:
Malam ya yi bayanin gwaji, ni kuma zan koma ga sayen kansa, domin mutane na ɗauka ana zaɓar jirgi ne kamar yadda ake zaɓar mota. Kowane tsohon layi da ma'auninsa. Layin ƙarƙashin ƙasa na birnin Gilasgo da ke Birtaniya, wanda aka buɗe a 1896, faɗin dogonsa ƙafa 4 ne kacal, ramukansa kuma ƙanana, saboda haka sai da kamfanin Stadler ya ƙera masa jirage na musamman. An sa hannu kan kwangilar a 2016, jiragen ba su fara ɗaukar fasinja ba sai Disambar 2023. Ban da wannan, akwai faɗaɗa ma'ajiya, da horar da makanikai, da tanadin kayan gyara na shekaru masu yawa. A ganina hukumar da ta ba kamfani ɗaya jirage, ta ba wani aikin sigina (na'urorin da ke sarrafa tafiyar jirage), ba ta rubuta ƙarara wanda zai ɗauki alhaki idan biyun suka ƙi jituwa ba, ita ta sayo wa kanta jinkiri.

Ɗalibin Injiniya:
Na gode ƙwarai. To, me zai hana a rufe layin na 'yan watanni a gama komai lokaci guda?

Tsohon Ma'aikacin Sigina:
Ba kasafai birni ke jure hakan ba, domin masu hawa ba su da wata hanyar da za ta ɗauke su duka. Dubi layi na 1 na birnin Paris: an mayar da shi marar direba ba tare da an dakatar da sufuri ba. An fara kafa ƙofofin gilashi a bakin dandamali, sannan daga Nuwambar 2011 jirage masu direba da marasa direba suka yi ta bin dogo ɗaya har fiye da shekara, ana cire tsofaffin da kaɗan-kaɗan yayin da sababbin ke shigowa.