Ƙyallaye suna zamewa daga jikin buhu

Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70, ba ta ganin kafar allura yanzu, shi ya sa nake karɓo mata ragowar atamfa wajen tela tana yin abin goge ƙafa da buhun shinkafa. Ina yanka mata ƙyalle faɗin yatsa biyu, ta tura shi cikin saƙar buhun da tsinke ta jawo. Wanki ɗaya ƙyallayen suka zazzame. Mun gwada ƙulli, kafin ta yi goma yatsunta sun ɗau ciwo. Na sa gam, ruwa na taɓawa ya saki. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Don Allah, yaya za mu sa ƙyallen ya kama buhu ba ɗinki, ba ƙulli?