Muhawara: Wa ya ba ƙaramar hukuma ikon kama baro?

Mai Albasa: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a fahimtata ƙaramar hukuma ba ta da hurumin karɓar ko kwabo a hannun mai tura baro, balle ta kama masa baron. Mota ce ke da lamba da takardu, ita ake biya wa. Baro kuwa ƙarfin ƙirjin yaro ne. Duk abin da ake karɓa a kansa zalunci ne, kowa ya sani, tsoro ne ya hana a faɗa.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, tausayinka daidai ne, amma wagga magana ba haka take ba. A sashen kuɗin shiga na yi aiki har na yi ritaya. Baro da sunansa yana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Jadawali na huɗu ne ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai ba da lasisin keke, da kurar da ba ta da inji, da kwalekwale, da baro, da amalanke. Haka nan kasuwa, tashar mota, mahauta, makewayin jama'a, maƙabarta, kwashe shara, sanya wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, har da sa ido kan shaguna da gidajen abinci da na burodi. Mai kwalekwale a Yauri da mai amalanke a Bagudo duk layinsu ɗaya da mai tura baro.

Mai Albasa: To Kawu, ji abin da na gani da idona. Yaron da ke ɗaukar mini kaya ne, mutum biyu suka tare shi a bakin ƙofar kasuwa, ba rigar aiki, ba katin shaida. Ɗaya ya dafe hannun baron, ɗayan ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, ba lamba, ba hatimi, ba sunan hukuma, da biro aka rubuta kuɗin. Yaro ya ce ai ya biya da safe, suka ce wancan na wasu ne. Suka sauke mini buhun albasa a tsakar rana, suka tura baron suka tafi. Yaron nan haya yake ɗaukar baron, da yamma mai shi na jiran kuɗinsa. Wannan ma yana cikin jadawalin?

Barista: Kawu ya faɗi gaskiya, Yaya Mai Albasa ma yana da hujja, amma ba a wurin da ya ɗora ta ba. Kundin ya nuna fagen da ƙaramar hukuma za ta yi aiki, bai yanka ko naira ɗaya ba. Kafin a karɓi kuɗi dole majalisar kansiloli ta yi dokarta a rubuce, bisa ikon da dokar ƙananan hukumomi ta jiha ta ba ta, a faɗi nawa ne, wa zai karɓa, mene ne hukuncin wanda ya ƙi. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 12, ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna cikin rubutacciyar doka. Sashe na 44 kuma ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar da doka ta tsara. Saboda haka ikon yana nan, amma mutumin da ya tsaya a ƙofar kasuwa ya zama shi ne mai tuhuma, shi ne alƙali, shi ne ma'aji, ba ikon hukuma yake aiki da shi ba. Ko kotun tafi-da-gidanka da ake kafawa ranar tsaftar muhalli, majistare ne ke zaune yana yanke tara, ba mai karɓar kuɗi ba.

Malama: Barista, ka yi haƙuri, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. In komai sai an je kotu, wa zai iya wucewa ta bakin kasuwa? Kowa ya fito da teburinsa kan kwalta, an cika kwalbati da leda da ɓawon rake, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Muna yara in aka ce ga duba-gari nan, iyayenmu har randa suke wankewa, su share bayan gida. Ba wanda ya kai su kotu, amma unguwa tsaf take. Yau an mai da duk mai aikin hukuma ɓarawo, shi ya sa ba mai jin maganarsa.

Barista: Malama, ai duba-gari da doka a hannunsa yake aiki. Ya duba, ya ba da takardar gargaɗi da wa'adi, in an ƙi ya kai ƙara. Ban ce kada a kau da tebur daga titi ba. Na ce a rubuta abin da aka ɗauka, a ba mai shi shaida, ya san ofishin da zai bi.

Direba: Ni tawa damuwar igiyar da ake ɗaurewa a hanya ce, da katako mai ƙusa. Ka ɗauko kaya daga Kamba ko Aliero, kafin ka isa inda za ka an tsayar da kai ana neman sitika iri-iri.

Barista: Wannan kam dokar haraji ta 1998, wadda ta raba wa tarayya da jiha da ƙaramar hukuma abin da kowa zai karɓa, ta ce babu wanda zai kafa shinge a hanya don karɓar haraji, ko da hukumar harajin ce da kanta. Ta yanka wa mai yi tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyu.

Kawu: Bari in koma kan "wancan na wasu ne", don a nan ciwon yake, kuma mai yiwuwa ba ƙarya suka yi ba. Mu a ƙasar nan gari ba shi da gwamnatinsa ta daban. Birnin Kebbi ƙaramar hukuma ce ɗaya cikin 21 na jiha, tana da ciyaman da kansiloli kamar Suru ko Shanga, amma tun da ta zama babban birni a 1991 hukumomin jiha suka zauna a cikinta. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, filin karkara aka bar wa ƙaramar hukuma. Izinin gini a birni na hukumar raya birane ta jiha ne. Ita wannan doka ta 1998 da Barista ya ambata ta ba ƙaramar hukuma kuɗin kasuwa, sai ta cire duk kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Ga kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu lodi, su ma da tikitinsu. Yaro ɗaya, baro ɗaya, hannu uku na miƙo masa takarda, kuma ba allon da aka kafa a ƙofa ya ce ga na wane ga na wane.

Abu na biyu, zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, hukuma na da 'yan dokarta da gidan yarinta. A mulkin Gowon aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya, gyaran 1976 ya kawo tsarin da muke ciki, yanzu kuma sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. Ciyaman na da doka, ba shi da mai kamu. Sai a ba wani kwangilar tara kuɗi, shi kuma ya ɗebo samari marasa albashi ya ce abin da suka samo a ciki za a sallame su. Wanda cinsa ke cikin yawan kamu ba zai yi wa kowa gargaɗi ba.

Mai Albasa: To tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, su ci wannan su ƙyale masu baro mana.

Kawu: A'a ɗana. Hukumar da abincinta duk daga Abuja yake zuwa ba ta da dalilin sauraron ɗan kasuwa. Gara ka biya kaɗan da rasit mai lamba, ka sami bakin tambayar ina fitilar kasuwa, ina motar shara.

Malama: Kawu, tambayar wa? Hukuncin ya haramta kantomomin riƙo, gaskiya ne, amma har gobe hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen kansiloli. Kansilan da ya san ba ƙuri'ata ta kai shi ba, rasit ɗina ba zai tashe shi daga kujera ba.

Mai Albasa: Na janye cewa ba su da iko, tunda abin a rubuce yake. Amma ban janye cewa bai kamata a karɓa a hannun yaron da ke hayar baro ba. In lasisin baro ne, mai baron ya biya sau ɗaya a shekara, a liƙa lamba a jikinsa. Barista, wace takarda za mu rubuta wa sakatariya don su ba mu kwafin dokar da jerin kuɗin?

Barista: Wasiƙa ce gajera zuwa ga sakataren ƙaramar hukuma, da sa hannun shugaban ƙungiyarku, a kai wa kansilan mazaɓa kwafi. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin kafin ku fito.