Lasisin Maryland nake da shi, za mu koma New York: ya zan yi?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin ba da shawara ga masu fama da damuwa a Baltimore da ke jihar Maryland, lasisin LCPC gare ni, bai kai shekara biyar ba. Maigida ya samu aiki a Bronx, cikin birnin New York, bayan sallah za mu tare. Akwai lasisin wucin gadi da zan riƙe kafin na can ya fito? Mutanen da nake dubawa kuma, wasunsu yanzu suka fara sakin jiki da ni, zan iya ci gaba da su ta bidiyo?

Anti Binta:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa alheri ne. A Amurka kowace jiha da lasisinta, har suna ya bambanta: naki LCPC, na New York LMHC. Ma'aikatar ilimi ta jihar New York ce ke bayarwa. Hanyar da ake karɓar lasisin wata jiha kai tsaye tana buƙatar shekara 5 ana aiki da shi, don haka ke ta doguwar hanya za ki bi. Duba takardarki ki ga wace jarrabawa kika rubuta. In NCE ce, su NCMHCE suke nema, sai kin sake zama. Ga kuma ɗan kwas kan gane yaron da ake cin zarafinsa, wajibi ne.

Na wucin gadi akwai, amma ba irin wanda kike zato ba. Izini ne mai iyaka: sai sun amince da karatunki, sai kin samu wurin aiki da suka yarda da shi, sannan wani mai lasisi ya riƙa sa miki ido. Ba za ki buɗe ofishin kanki da shi ba. Ya fi zaman gida dai.

Abu Khalil:
Ba an ce akwai yarjejeniya tsakanin jihohi ba?

Anti Binta:
Akwai, Malam, Counseling Compact, wadda ke ba mai lasisin wata jiha damar aiki a sauran jihohin da suka shiga. Jojiya ce ta fara shiga a 2021, Maryland ma tana ciki. New York ba ta shiga ba, kuma jihar da mutum yake zaune a cikinta ake dubawa. Da ta tare a Bronx wannan ƙofar ta rufe.

Hajiya Ummi:
'Yata, kada ki bari lasisin Maryland ya mutu, ko da kuɗin sabuntawa zai yi miki ciwo. Wajen duba mutum ta bidiyo, abin da ake fara tambaya shi ne ina shi mutumin yake zaune a wannan sa'ar. In yana ɗakinsa a Baltimore, dokar Maryland ce a kansa. In ya ɗauki waya daga gidan ƙanwarsa a wata jiha, magana ta canza, shi ya sa nake tambayar kowa inda yake kafin mu fara. Duk da haka rubuta wa hukumomin jihohin biyu, da kamfanin inshorar aikinki, ki ajiye amsarsu a rubuce.

Maman Hanan:
Na gode Anti, na gode Hajiya. NCE ce kuwa. Me zan fara da shi?

Anti Binta:
Takardar sa'o'in horonki. Nemi wanda ya sa miki ido tun yanzu ya cike fom ɗin New York ya sa hannu, don in ya yi ritaya ko ya bar gari, nemansa wahala ne. Makarantarki da hukumar Maryland kuma su za su aika nasu kai tsaye, ba a karɓa daga hannunki.